Tawadar Zaɓen da Malam Bai Yi Ba

Zuwaira, ɗiyar ƙanwata, ke da kika yi lakol, karatun boko, har kike koyar da ɗiyan mutane, gyara zama ki rubuta. In kin ji na yi shiru, kuka nake yi. Ki jira ni, kada ki cike wurin da maganarki.

Sunana Hajo, daga wani ƙauye kusa da Gangara, ƙasar Gazawa. Ina so a rubuta yadda wata jiha can Kurmi, kudancin Najeriya, ta yi zaɓen shugaban ƙasarsu, zaɓen da ba namu ba, da yadda ya raba ni da mijina. Sunan jihar da na garin kada ki sa. Akwai namu da ke neman abinci can har gobe.

Mijina Malam, Bagobiri ne na wajen Gidan Rumji, aure ya zaunar da shi wurinmu. Da damina manomi ne, da rani mai yankan farce. In an ɗaure gero an zuba rumbu, sai ya rataya jakarsa ya yi kudu. Cikin jakar akwai almakashi, da aska, da ɗan soso, da kwalbar ruwan sabulu. Ba ya kiran ciniki da baki. Almakashin yake kaɗawa, kyas-kyas-kyas, duk wanda ya ji ya san mai farce ke wucewa. A shekarar da nake ba ki labari tsutsa ta cinye mana zangarniya, ga fuka ta matsa masa, har likita a Agye ta ba shi wani ɗan famfo da yake shaƙa in numfashi ya tsaya. Ɗiyanmu mata suna ɗakin mazajensu, namiji Allah bai bar mana ba. Na ce ba zai tafi shi kaɗai ba. Ya ce, "To, tsohuwa za ta ga duniya."

A tashar Katsina aka fara nuna mini duniyar. Wani ɗan kamasho ya rantse da Allah motarsa har Kurmi za ta kai mu, ya kira ni inna, ya ɗaukar mini ƙunshi. Rabin hanya direba ya ce iyakarsa ke nan, kowa ya sauka. Muka zauna bakin titi a garin da ban san sunansa ba, sai da wani mai motar tumatir ya ji tausayin furfurarmu ya ɗora mu bisa kwanduna. Haka muka shiga Kurmi, zanena duk ruwan tumatir.

Masaukinmu zango ne, unguwar mutanen arewa a bayan babbar kasuwa. Ɗakin kwano, in ka miƙe ƙafa ta taɓa ƙofa. Abin da ya fi ba ni mamaki ruwan sama da rani. Ina kallon ruwa na zuba a kwata, ina tuna gonarmu da ta ƙone tana jiransa. Ba gero, ba nono mai kyau. Na kan tashi da kwaɗayin hura kamar mai ciki.

Na samu wanke-wanke a rumfar wata mai abinci da ake kira Iya. Bayarbiya ce, amma a Maraɗi aka haife ta, ubanta ya yi kasuwanci can, Hausarta ta fi ta wasunmu. Ran da ta fara ganin tsagen fuskar Malam ta ajiye ludayi ta buga tafi.

"Allah ya kawo mini bawana har gida! Kai Bagobiri, zo ka ɗebo mini ruwa."

Malam ya ce, "Ji ta! Kakanki fa nawa ya goya shi ya tsallake da shi gulbi. Zuba wa ubangijinki abinci, ki sa nama."

"Nama? Wanda ya zo bisa kwandon tumatir?"

Kin san wasan Gobirawa da Yarbawa. Kullum haka suke, ta zage shi ya zage ta, sannan ta cika masa kwano ta ce sadaka ce ga bayi. Shi kuma ya yanke mata farce yana cewa irin wannan ƙafa sai da gatari. Wurin zamansa gindin wani bango ne a bakin ƙofar kasuwa, ina wanke kwanoni ina hango shi.

Mun tarar da gari ba zancen da ake sai zaɓe. Hotuna a bango, a jikin mota, har a bayan masallaci. Iya ce ta warware mini. Ta ce masu neman kujerar suna da yawa, amma a jihar nan biyu ake magana: akwai mutumin gwamna, wanda gwamnan jihar da manyan kasuwa ke bi, akwai kuma ɗayan. Ta ce tun da ta zo garin, inda gwamna ya nuna nan jihar ke bi, ba a taɓa saɓawa ba. Amma bana samari sun gaji. Abinci ya yi tsada, aiki babu, ɗiyanta ma da ta haifa ba ta san abin da ke ransu ba.

Na ce da Malam, "Mu fa?"

Ya ce, "Mu ƴan kallo ne. Namu zaɓen yana Gazawa."

Da zaɓe ya matso, wasu samari majiya ƙarfi da ke yi wa mutanen gwamna aiki suka riƙa zagaya kasuwa. Suka ce baƙon da zai zaɓi nasu ya fito, wanda ba zai zaɓa ba ya zauna ɗakinsa, in yana son rumfarsa. A zango kuwa akwai ƴan Najeriya da yawa, Katsinawa da Kanawa da Zamfarawa, masu katin zaɓe na halak. Kowa dai ya san abin da zai yi.

Ran zaɓe kasuwa ba ta ci ba. Muna zaune ƙofar ɗaki bayan azahar sai ga Alhaji Sabo mai albasa, shugaban ƴan rumfar albasa, mutum mai tumbi da carbi. Ya tsuguna gaban Malam, hannunsa cikin riga.

"Baba, gyara mini farcen nan."

"Alhaji, ai shekaranjiya na yanke maka."

"Ba tsawo ba ne. Launi ne."

Ya fito da babban yatsa. A can in mutum ya yi zaɓe yana dangwala yatsa a tawada ya buga a takarda, sannan a shafa masa wata a gindin farce, wadda sabulu ba ya fitarwa. Alhaji ya je ya zaɓi wanda yake so, yanzu yana tsoron a gane ya fita. Malam ya dubi yatsan ya yi dariya, ya ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Ya jiƙa shi da kananzir da lemun tsami, ya riƙe shi da babban yatsansa na hagu, ya bi da bakin aska a hankali yana kankarewa, yana sharewa da yatsan nasa. Kafin a jima farce ya fito fes. Alhaji ya ce, "Baba, hannunka da albarka."

Ya tafi ya gaya wa wani, wani ya gaya wa wani. Har la'asar ta yi sanyi mutane na zuwa ɗaya bayan ɗaya, masu albasa, masu doya, mahauta, kowa hannu cikin riga. Washegari ma haka. Malam yana murna, ya ce bai taɓa ciniki irin wannan ba, da za a riƙa zaɓe kowane wata da mun sake rufin ɗaki.

Hannun Malam hannun manomi ne, duk tsaga. Tawadar da ya narkar daga yatsun mutane ta bi tsagogin nan ta shige, ta kewaye gindin farcensa, ta zauna. Na ce, "Malam, dubi yatsanka." Ya wanke da sabulu, ya goga da lemu, ya sa aska har ya kusa jini. Ta mutane a bisa farce take, tasa ta riga ta shiga nama. Ya ce, "Bar ta, aiki zai cinye ta."

Sakamako ya fito da hantsi, a rediyon mai shayi. Mutane sun cika wurin, wani mutum cikin rediyo yana ta karanto lissafi da Turanci, Iya na juya mini. Ta ce ƙauyuka sun ba mutumin gwamna kamar yadda suka saba. Amma babban birni da kasuwanni da unguwannin samari sun juya. Tazarar ba yawa, sai dai ɗayan ne a gaba. Jihar ta kuɓuce wa gwamna. Iya ta dafe ƙirji ta ce, "Yau na ga abin da ban taɓa gani ba." Wasu suka yi sowa, wasu suka sulale. Alhaji Sabo yana nan tsaye, fuskarsa ba ta nuna komi ba.

Kafin yamma sai ga wata magana ta cika gari: wai ba ƴan jihar suka yi wannan ba, motoci aka ciko da ƴan Nijar suka zo suka dangwala. Iya ta yi tsaki ta ce, "Ƙarya ce. Ɗiyana da na haifa da cikina su suka juya, a gabana suka faɗa." Malam kuwa dariya ya yi. Ya ce, "Hajo, ashe kyauta ake kawo mu, mu muka sha wuyar kwandon tumatir?"

Ita ce dariyarsa ta ƙarshe a garin.

Da safe ya zauna gindin bangonsa. Ina durƙushe bisa kwanoni sai na ji hayaniya. Samarin nan ne, suka tare ƙofar kasuwa da sanduna, duk wanda suka ga alamar ɗan arewa ne sai su ce, "Nuna hannu!" Alhaji Sabo ya miƙa nasa biyu, fes, suka ce wuce. Masu doya suka miƙa, fes. Mahauta suka miƙa, fes. Suka zo kan Malam. Ɗaya ya damƙi hannunsa na hagu ya ɗaga sama ya yi ihu, sauran suka yo kansa.

Malam bai ruɗe ba. Shi a ganinsa gaskiyarsa na aljihu. Ya ce, "Samari, ku saurara. Ni ban yi zaɓe ba. Ni ba ma ɗan ƙasar nan ba ne." Ya sa hannun dama cikin aljihun ciki.

Iya ta yar da ludayi tana gudu tana cewa, "Bagobiri, kada ka fito da ita! Kada ka fito da ita!"

Ya riga ya fito da ita. Kartinsa ta ɗan ƙasa, ta Nijar, wadda yake naɗewa cikin leda tun daga gida. Ya miƙa musu da hannu biyu kamar yadda yake miƙa wa jandarma a hanyar Agye, a duba a ce masa wuce baba.

Zuwaira, tun safe abin da suke nema ke nan ba su samu ba. Ga ɗan Nijar, ga kartinsa, ga tawada a yatsa. Suka tsayar da shi jikin bango, suka sa ya ɗaga yatsan da hannu ɗaya, kartin da ɗaya, suna ɗaukar hotonsa da wayoyi. Hularsa ta faɗi. Tsoho mai furfura, ana juya shi kamar ragon kasuwa. Iya ta kama bakin rigarsa tana yi musu magana da yarensu, tana cewa nata ne, a gabanta yake aiki, suka ture ta ta zauna cikin kwata. Ni ban san lokacin da na isa ba. Na dai ga an tura shi cikin wata mota, na ga jakarsa a ƙasa gindin bango. Na ɗauka. Famfon shaƙarsa na ciki.

Daga nan abin da ke gabana ɗaya ne: in kai masa famfon nan kafin numfashi ya tsaya masa.

Wurin Alhaji Sabo na fara zuwa. Na durƙusa gabansa cikin ɓawon albasa, ni da na girme shi. Na ce, "Alhaji, kai ka san inda tawadar nan ta fito. Ka zo ka faɗa musu. Ko mutum biyu cikinku suka faɗa, za a sake shi."

Ya waiga hagu da dama. Ya ce, "Inna, rage murya."

"Na rage. Ka taimake ni."

"In na ce daga yatsana ta fito, na ce na yi zaɓe ke nan, kuma na ɓoye. Wanda ya zaɓi nasu ai ba ya ɓoyewa. Rumfata fa? Iyalina fa? Ki yi haƙuri, Allah zai fito da shi."

Ya sa aka ɗauro mini albasa cikin leda. Na karɓa. Har yau ban san dalilin da ya sa na karɓa ba. Na bi masu doya, na bi mahauta. Wani ya ce bai taɓa zuwa wurin Malam ba, ina kallon farcen da Malam ya kankare. Wani ya ɓoye bayan buhu da ya hango ni. Ba na ce mugaye ba ne. Tsoro ne. Amma tsoronsu ya tsaya gare su, nawa mijin yana ciki.

Iya ta rufe rumfarta, mace mai neman na yau, ta riƙe hannuna muka bi gari. Daga wannan buro na hukuma a ce mu je wancan. A ƙarshe aka nuna mana wani gida mai dogon bango da waya a bisa, aka ce nan samarin suka miƙa waɗanda suka kama, nan ake tara baƙin da za a mayar ƙasarsu. Mai tsaron ƙofa ranar yana jin Hausa. Ya dube ni da sauƙi.

"Inna, wa kike nema?"

"Malam."

"Duk na ciki malamai ne. Sunansa fa?"

Kin san mu. Tun ran da aka kai ni ɗakinsa ina yarinya, sunan nan bai taɓa fita bakina ba. Ko wani yaro aka sa wa sunan, laƙabi nake masa. Na buɗe baki, harshena ya yi nauyi. Na dubi Iya, ita kuwa Bagobiri kawai ta sani. Na ce, "Mai sunan limamin garinmu."

Mutumin ya yi murmushi ya ce, "Inna, ni ina na san limamin garinku?"

Ina tattara numfashi in faɗa, aka kira shi daga ciki, ya shiga ya ja ƙofa. Muka jira har rana ta faɗi bai fito ba. Washegari na zo da sunan a bakina, na yi ta maimaita shi a zuci tun daga zango. Wani ne daban a ƙofar, ba ya jin Hausa, bai kuma tambayi sunan kowa ba. Iya ta nuna masa famfon, ta yi masa bayani, ya ce ba a shiga da komi.

Sai na zagaya bayan gidan. Akwai wasu ƴan tagogi can sama kusa da rufi. Na zauna gindin bango na ciro almakashinsa. Hannuna bai iya ba, amma na yi ta gwadawa har ya ba da sauti, kyas-kyas-kyas. Masu wucewa na kallona, wani har ya miƙo mini ƙafa. Na daɗe ina kaɗawa. Can sai na ji tari daga ciki. Tarin da na kwana da shi shekara da shekaru, ko cikin kasuwa na san shi. Sai wata murya ta ce da Hausarmu ta Maraɗi, "Mai almakashi! Baba ya ce ya ji. Ya ce kin ci abinci?"

Na ce, "Ka ce masa na ci. Numfashin fa?"

Aka kai masa tambayata. Muryar ta ce, "Da sauƙi, in ji shi." Na san in ji shi ne kawai.

Iya ta ce mu jefa famfon ta taga. Na duba nisan, na duba ƙanƙantar tagar, ga kwata mai zurfi tsakanin bango da ginin. Shi ke nan guda ɗaya. In ya faɗa can fa? Ban jefa ba. Kullum sai in zo in kaɗa, ya yi tari, in koma. Iyakar abin da na iya ke nan.

Wata safiya muna isowa muka tarar an buɗe babbar ƙofa, ga kamyo, babbar mota irin ta shanu, an cika ta da mutane a tsaye. Mata da dangi sun taru ana ta kururuwa, inji na ruri. Na hango ƙeyarsa can tsakiya, ba hula, ya ba ni baya. Na ciro almakashi na kaɗa, ko ni ban ji ba. Motar ta fara motsi. Zuwaira, sai na ji sunan ya fito. Da ƙarfi, a bainar jama'a, kamar mai kiran ɗan da ya nufi rijiya. Ya juyo. Ya gan ni. Na jefa famfon da iyakar ƙarfina, ya bugi katakon motar ya dawo ya faɗi gabana. Ko tsagewa bai yi ba. Na tsuguna na ɗauka, kafin in ɗago sun kai kwana.

Iya ce ta samo mini Lawali, wani direba mutumin Cadawa da ya kawo shanu zai koma. Da ya ji ni ƴar Gangara ce ya ce, "Inna, ke uwata ce, gaba za ki zauna." Iya ta ƙunso mini abinci, ta cire mayafinta ta yafa mini. Ta ce, "In kin same shi ki ce masa bawa ba ya tafiya bai sallami uwargijiyarsa ba." Ta faɗa tana dariya, hawaye na zuba.

Hanyar nan ban ga komi nata ba. Kowace tasha Lawali sai ya tsaya ya tambaya: kun ga kamyo cike da mutane? A ce ta wuce jiya. A gaba a ce ta wuce shekaranjiya. Mu ana tsayar da mu kowane shinge, su ba mai tsayar da su. Wata mai ƙosai a wani gari ta ce ta ga motar, ta jefa musu ruwan leda, ta ga wani tsoho da aka zaunar ana yi masa fifita. Na ce yana da tsage a fuska? Ta ce ba ta lura ba. Na riƙe famfon cikin tafin hannu har zufa ta jiƙa shi. Daji ya ƙare, jar ƙasa ta ƙare, na fara ganin gawo da rumbuna. Ƙasar da na yi ta kewa ce, amma ban ji daɗin ganinta ba.

A bakin iyaka ta wajen Ɗan Isa aka zubar da su. Masu ƙarfi sun watse. Shi muka tarar kwance a rumfar wani masallaci, ladanin ya shimfiɗa masa tabarma yana ba shi kunu. Ya rame, leɓensa ya yi baƙi, ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa. Na sa masa famfon a baki na danna. Na sake dannawa. Ya ɗan samu hanya, ya buɗe ido ya dube ni.

Ya ce, "Hajo."

"Na'am, Malam."

"Na ji fa."

"Me ka ji?"

"Ashe kin san sunana. Duk shekarun nan na ɗauka ba a gaya miki ba."

Na ce ya yi shiru ya bar numfashi ya huta. Ya ce, "Sai da aka loda ni kamar sa a motar shanu." Ya so ya yi dariya, tari ya hana. Na ba shi saƙon Iya. Ya ce a gaya mata ya ƴanta ta.

An kai shi likita a nan, suka yi masa allura, suka ce ƙirjin ya riga ya gaji. Shi kuma ya ce gida yake so. Lawali ya bar kamyonsa ya samo mana ƙaramar mota. Malam ya kwanta bisa cinyata, muka wuce Maraɗi. A Cadawa ya ce a ɗaga shi ya ga kasuwa, ya gani. Ya tambaya ko mun kai Agye, na ce saura kaɗan. Ina riƙe da hannunsa na hagu, ina shafa yatsan nan. Kafin mu shiga Agye na ji hannun ya saki. Ban gaya wa kowa ba sai da muka wuce gari, don kada a tsayar da mu. Ina so ya isa.

Bari in sha ruwa.

Da ake yi masa wanka, liman ya leƙo ya sa aka kira ni bakin zaure. Ya ce, "Hajo, akwai wani abu a yatsansa, mun wanke ya ƙi fita. Mene ne?" Na ce tawada ce. Ya ce, "Ta allo?" Na ce ta zaɓe. Ya dube ni, ya san ba a yi zaɓe a ƙasarmu ba a shekarar. Na ce su ba ni wuri. Na shiga na kama hannun, na sa sabulu, na sa lemun tsami kamar yadda na ga yana yi wa mutane. Askarsa na cikin jaka, amma ban iya sa masa aska ba. Liman ya ce daga waje, "Bar shi haka, Hajo. Ruwa ya taɓa fata, wanka ya yi."

Da ita aka rufe shi. Waɗanda suka yi zaɓen suna can da farce fes suna auna albasa. Wanda bai yi ba ya tafi kabari da shaidarsa.

Iya ta kira a wayar maƙwabta ta yi mini gaisuwa, muka yi kuka tare. Ta ce gari ya lafa. Ta ce har yanzu wasu na nuna hoton Malam a waya, suna cewa ga shaidar ƴan Nijar ne suka juya jihar. Ta ce manyan kuwa an gan su wurin wani biki teburi ɗaya, na gwamna da na ɗayan, suna cin abinci. Ni ban san wanda ya hau kujerar ba ma a ƙarshe. An faɗa mini, sunan bai zauna a kaina ba. Abin da na sani, mutanen jihar nan su suka zaɓi wanda suke so da hannunsu, ɗiyan Iya da su Alhaji Sabo, kuma hakkinsu ne. In akwai mai hoton nan a wayarsa da wannan takarda za ta kai gare shi, ya sani tsohon da ke ciki mai yankan farce ne, tawadar wasu ce a hannunsa.

Jakar tana nan rataye bayan ƙofa. Wani lokaci in zan ɗauki tsintsiya sai in taɓa ta, almakashin ya yi ƙara, in tsaya ina jiran tari.

Na ga kin bar fili a sama, kina jira in faɗa miki sunansa ki sa. Kin san shi ai, mijin innarki ne. Amma kada ki rubuta, ki sa Malam. Sau ɗaya na faɗe shi, kuma ya ji.